Tukwanen da Ban Bari Suka Ga Wuta Ba

A bayan ƙofar ɗakin da muke koyon ginin tukwane akwai wani tsohon duro na roba, inda ake zuba ɓarɓashin yumɓu da duk abin da ya lalace, ya jiƙa a sake kwaɓawa. A shekarata ta uku a jami'a babu wanda ya ciyar da duron nan kamar ni. Zan zauna tun hantsi ina ginin tulu, in kai la'asar a kansa, sannan in ja da baya in karkata kai in duba. Da na ga bakin ya ɗan zame ko da kaurin farce ne, sai in ɗora tafin hannu in danne shi, in jefa a duro. Abokan karatuna suna cewa na cika ƙwazo, ni kuma ina faɗa wa kaina ba na son aikin ha'inci ne. Zango ya ƙare na fi kowa cin yumɓu, amma abin da ke kan kantata guda uku ne kacal, su ma ɗanyu, a lulluɓe da leda.

Ɗanyen yumɓu yana da yafiya. Ko ya bushe ƙarau, in ka zuba masa ruwa zai koma laka kamar ba a taɓa gina komai da shi ba. Sai zafi ya kai wajen digiri 600 ne ruwan da ke ɗaure a jikinsa yake fita, daga nan kuwa ba ya sake komawa laka har abada. An koya mana wannan a aji, na rubuta shi a jarrabawa na ci maki, amma ban gane cewa a bayan wannan iyakar nake ɓuya ba. Muddin tukunya ba ta shiga wuta ba, ba wanda zai ɗauke ta ya ce ga iyakar iyawar wance.

Akwai kuma Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane, wadda nake yawo da hotonta a jaka a bayan takardar naira 20. An nuna mana hotunan tulunanta, masu faɗin ciki, an zana musu ƙadangaru da kunamu da kada da kifi, layi bai kauce ba. Ina komawa ɗaki sai nawa ya zame mini wasan yara. Abin da ban tsaya na lura da shi ba a lokacin shi ne hanyar da ta bi. Tun tana yarinya a Kwali ta koya a hannun gwaggonta. Kafin Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riga ya fara tara tukwanenta. Duk da haka a 1954 ta shiga cibiyar, mace ta farko, ta zauna gaban faifan juyi tana koyo daga tushe kamar kowane ɗan koyo. Ni kuwa da shekara biyu da rabi a sana'ar nake so hannuna ya yi daidai da nata, ga kuma muryar mahaifina a kunnena, ranar da ya tambaye ni ko wasa da laka ma sai an je jami'a.

Wanda ya kama ni ba malami ba ne. Wani dattijo ne da ke kula da tanderun sashen, kowa Baba yake ce masa. Wata ranar Litinin cikin hunturu yana zagaya kantoci yana ƙirga abin da zai shiga wuta, ya tsaya a kaina.

"Ke 'yar nan, ina naki?"

"Baba, ban gama ba tukuna."

"Tun bara nake jin ba ki gama ba. Alhamis ta sama zan kunna, kuma ba zan ƙona gas a kan rabin tanderu ba."

Ya ɗauko sikeli ya auna mini curi goma, kowanne rabin kilo, ya ce kofi goma yake so kafin a kira azahar. Sannan ya ja kujerarsa ya ajiye daidai gaban duron ya zauna yana sauraron rediyo. Ban taɓa jin haushin mutum kamar ranar ba. Na yi su a gurguje, zuciya na tafasa, wani dogo wani gajere, na huɗun bakinsa kamar na mai gatsine. Sau biyu ina miƙewa da kofi a hannu, yana ɗago ido, ina komawa.

Da aka buɗe tanderu, huɗu ne suka fito lafiya. Biyu sun tarwatse daga gindi, har ɓarɓashinsu ya faɗa cikin kwanon wata abokiyar karatuna, sai da na ba ta haƙuri. Uku sun tsage a ƙasa, tsaga mai lanƙwasa kamar maciji. Ɗaya kuma mariƙinsa ya rabu da jiki. Baba ya jera su a benci ya kifa kowanne, ya sa ni duba. Waɗanda suka fashe, gindinsu ya yi kauri, waje ya bushe ciki da sauran danshi, da zafi ya taso tururi ya rasa hanyar fita. Masu tsagar, ban danne gindin da yatsa na matse shi ba lokacin da nake buɗe curin, kuma na bar ruwa ya kwanta a ciki. Mariƙin kuwa iskar hunturu ce ta busar da shi kafin jikin kofin, ya ja ya tsinke.

Na daɗe tsaye a gaban bencin nan. Wata shida ina rushe aiki saboda baki, ashe duk ciwon a gindi yake, inda ban taɓa kifawa na duba ba. Ko ɗaya daga cikin shidan nan bai lalace don bakinsa ya karkace ba. Da na ci gaba da jefawa a duro, da zan kammala digiri ina gina tukwane masu kyan baki da ba za su riƙe ruwa ba, ban ma sani ba.

Daga baya na gano cewa yawan gyaran ma ɓarna yake yi. Duk shafar da za ka ƙara da jiƙaƙƙen hannu ruwa kake ɗura wa bangon, har ya gaji ya zauna. Tulun da na yi minti ashirin a kansa ya fi wanda na yi awa uku ina lallashi tsayuwa da ƙarfi. Na kuma koyi yin ƙaramin fale-fale in ja masa layin santimita 10 kafin ya bushe, in auna bayan gashi. Namu yumɓun yakan dawo wajen 9. Wannan ne ya sa murafena suka fara zama daidai a kan tukwanensu, abin da kallo da tsaki ba su taɓa yi mini ba.

Ranar nuna aiki ta zo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na jera har da fasassun. Malamin ya ɗauki ɗaya daga cikin masu lafiyar, ya auna a hannu, ya ce ya yi nauyi, wanda zai sha shayi da shi sai ya karya kumallo tukuna. Aka yi dariya, ni ma na yi, na koma ɗaki na yi kuka kaɗan, washegari na rage kaurin bango. Maganar da na yi shekara ina gudu ke nan, ba ta kai minti biyu ba.

Shakkar ba ta tafi ba. Har yau in na gama abu, kallon farko ƙyama ce. Dokar da na kafa wa kaina ita ce ba na rushe komai a ranar da na gina shi. In rufe da leda, in dawo da safe, in fara kifawa in duba gindi. Wasu duk da haka duro suke komawa, don akwai aikin da bai cancanci gas ba. Yanzu haka akwai wani tulu a kan kanta da wuyansa bai yi mini ba tun ranar Asabar. Na ƙwanƙwasa shi, na kara shi a kumatu ban ji sanyin danshi ba. Gobe da sassafe zai shiga tanderu, a layin ƙasa, kusa da ƙofa.