Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Kunun Ɗanladi

A makon jiya na tsaya a inda surukata ta iso gidanmu a Bukuru cikin watan Mayun 2023, bayan tashin hankalin da ya raba mutane da yawa da ƙauyukansu a ƙaramar hukumar Mangu. Ba ta zo da komai ba sai ƙullin zannuwa, da rabin buhun acca, da kaji biyu a kwando. Ɗana Ɗanladi yana da wata huɗu a lokacin.

Ciki da falo muke haya, sai ɗan kicin a waje. Muka shimfiɗa wa Mama katifa a falo. Ba a yi nisa ba aka rantsar da sabuwar gwamnati ranar 29 ga wata, aka ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin Yuli ya ƙare ta wuce 600. Albashin koyarwa na mijina Malam bai motsa ba, amma kuɗin Keke daga gida zuwa kasuwar Kugiya ya ninka, komai na kasuwa kuma ya bi sahu. Mun ƙaru da baki ɗaya a daidai lokacin da tukunya ta ragu.

Sai dai ba abinci ne ya fi damuna game da Mama ba. Shirunta ne. Matar da take tashi kafin carar zakara ta nufi gonar dankali da masara, ga ta zaune a bakin ƙofa kan tabarma tun safe har rana ta faɗi. In mun durƙusa addu'ar safe, ita da a da sai an tsaya jiranta ta gama jero sunayen 'ya'ya da jikoki a gaban Ubangiji, yanzu Amin kawai take cewa. In na ɗauki tsintsiya ba ta karɓa, in na ɗora tukunya ba ta leƙawa. Abu ɗaya take miƙa wa hannu, shi ne yaron. "Kawo mini angona," in ji ta, sai ta ɗora shi a cinya tana yi masa waƙa da yarenta.

A kan angon nata kuwa muka fara samun saɓani.

Wata rana na fito daga wanka na tarar ta ɗauko ƙaramin cokali da kofin ruwa. Na ce, "Mama, a asibiti sun ce kada a ba shi ruwa sai ya cika wata shida." Ta dube ni sama da ƙasa. "Maman Ɗanladi, ko ɗan akuya yana shan ruwa. Ni na haifi bakwai, wanda kike aure ma a cikinsu yake. Ƙishirwa ta kashe mini miji ina kallo?" Na yi shiru, na karɓi yaron da dabarar cewa lokacin shan nononsa ya yi. Da dare na kai wa Malam maganar. Ya gyara kwanciya ya ce, "Ku mata ku kuka san wannan." Wanda duk ya zauna da uwar miji ya san irin wannan amsar. Namiji yana iya tsawata wa aji guda na yara sittin, amma in magana ta shiga tsakanin uwarsa da matarsa, barci ne yake ɗauke shi nan take.

Ban ga amfanin yin musu da Mama ba. Ko da gaskiya tana hannuna, in ta fito daga bakina raini za ta zama. Sai na tuna da Sista. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, tana cikin dattawan Zumuntar Mata ta majami'armu, sa'ar Mama ce ko ma ta ɗan girme ta. Bayan sujada na ja ta gefe na faɗa mata. Ta ce in bar mata.

Ta zo da yamma kamar gaisuwar jaje ce kawai ta kawo ta. Suka daɗe suna maganar gida, wa ya tsira, wa aka rasa, wa yake Jos wurin dangi. Mama ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba tun zuwanta. Suka yi addu'a. Sai can, da ta tashi tafiya, Sista ta ɗauki Ɗanladi tana juya shi, ta ce, "Kai, wannan ango naki ya ƙoshi. Yaya, kin san mu ma a zamaninmu ruwa muke ba su tun ranar suna, shi ya sa gudawa ta kwashe mana yara da yawa. Ashe Allah ya riga ya zuba ruwan a cikin nono, fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Cikinsa ɗan ƙarami ne, in ruwa ya cika shi ina nono zai zauna? Ga damina ta sauka, kin san yadda rijiya take yanzu." Mama ta yi shiru, domin cikin bakwai ɗin da ta haifa biyu ba su kai yaye ba. Sista ta ƙara da cewa, "Amma ranar da ya cika wata shida, ke za ki dama masa kunun farko. Waɗannan yaran na yanzu ba su iya ba."

Cokalin ruwa bai sake fitowa ba. Mama kuwa ta shiga lissafin watanni fiye da ni.

Da Yuli ya kama na shiga wani babban kanti na duba farashin abincin jarirai na gwangwani. Na mayar da shi inda yake a hankali na fito. Gwangwani ɗaya ba zai kai mako biyu ba, kuɗinsa kuma ya isa cefanen gidanmu na kwanaki. Sista ta ce ba ma sai na saya ba, ta rubuta mini awo a bayan takardar sanarwar majami'a: hatsi awo shida, waken suya awo uku, gyaɗa awo ɗaya. Hatsin ko gero, ko dawa, ko masara, ko a haɗa su. Shi ne garin da ake kira Tom Brown. Ta ce hatsi shi ke ba da ƙarfi, waken suya da gyaɗa su ke gina jiki, kokon masara zalla kuwa cika ciki kawai yake yi.

Takardar tana hannuna, amma aikin a hannun Mama ya koma. Ta shimfiɗa buhu a tsakar gida ta zazzage gyaɗar, ta shiga tsinta ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta motse, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, gefe take jefa ta. Na ce a zuba wa kaji mana, kada a yi asara. Ta ce ko kajinta ba za su ci ba, mai ɗaci ce, cuta ce. Da na ba Sista labari ta ce Mama ta fi ni gaskiya, fumfunar gyaɗa da ta masara tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta yana tsumburar da yaro, suya kuma ba ta kashe shi. Waken suyan ta jiƙa shi, ta murje ɓawon da tafin hannu har ya taso saman ruwa ta tsiyaye, ta shanya shi ya bushe ƙarau. Sannan ta soya kowanne dabam a kasko da wuta kaɗan, tana juyawa da ludayi ba ƙaƙƙautawa. Ba ta duba agogo. In ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna ta ji gafin ya fita, ta ga ya yi ja, sai ta sauke. Ƙamshin ya cika gidan hayar har yaran maƙwabta suka zagaye mu. Ni aikina kai niƙa, da gargaɗin cewa in tsaya a kan mai injin ya goge shi sosai, kada ya haɗa mana da barkonon wani.

Ranar kunun farko Mama ta ɗaura zanen zuwa sujada. Ta dama cokali biyu na garin da ruwan sanyi, ta zuba a tafasasshen ruwa tana juyawa har ya dahu ya yi kauri. Nan ma Sista ta riga ta ja kunne: kada ya zama tsararo, a karkata cokali a ga yana riƙe da kansa, ba ya zuba kamar ruwa. Ta ɗiga ɗan manja a kai. Ba sukari, ba gishiri, zuma kuwa an hana sai ya shekara. Kafin cokali ya shiga bakinsa Mama ta ɗora hannu a kan kofin ta yi addu'a, doguwa, irin tata ta da, har kunun ya kusa hucewa Malam yana ta gyaran murya. Ɗanladi ya tofar da rabi ya haɗiye rabi. Aka fara da cokali biyu zuwa uku, sau biyu a yini, nono yana nan yadda yake.

Daga kunun yaro Mama ta shigo kicin gaba ɗaya, ni kuma ban tare ƙofa ba. Ta buɗe buhun accarta. Wanda bai taɓa rege acca ba bai san haƙuri ba: ƙwayar ƙanana ce, yashin da ke cikinta ma girmansu ɗaya, sai a yi ta juyawa daga ƙwarya zuwa ƙwarya cikin ruwa har yashin ya kwanta a ƙasa. Da ita take yi mana gwate, da yakuwa da alayyafo da gauta da dakakkiyar gyaɗa da ɗan ƙashi in an samu. Ta ga ina jefa dunƙulen magi uku a miya ta riƙe baki, ta aiki Malam ya nemo mata daddawa. Yanzu ɗaya nake sawa, wani lokaci rabi. Taliyar leda da yaran gidan suke ci safe da yamma kuwa, ta ce wannan ba abinci ba ne, zare ne. Ta tara tsofaffin buhunan siminti a bayan ɗaki ta cika su da ƙasa da kashin kaji, ta shuka alayyafo da yakuwa da kuɓewa. In an yi albashi mu mata huɗu a gidan mukan haɗa kuɗi, ɗaya ta je Farin Gada ta sayo kwandon tumatir da albasa da karas a raba, ya fi sayen kashi-kashi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ba a komai nake bin ta ba. Mama ba ta dafa ganye sai da kanwa, don ya yi laushi ya yi kore shar. Kanwa kuwa tana kashe wani ɓangare na amfanin ganyen, haka ma daɗewa a wuta. Ban ce mata komai ba, nakan ɗebi na yaro tun kafin ta jefa. Shayin da take so ta riƙa ɗura masa da safe ma na hana ta hanyar Sista, saboda yana tare jiki daga ɗaukar sinadarin da ke ƙara jini.

Rigimar da ta fi daɗewa ita ce ta ƙwai. A wurin Mama, yaron da aka ba ƙwai kafin ya yi magana ɓarawo zai zama. Ba ita kaɗai ba ce, na ji wannan a bakin tsofaffi daga ƙabilu dabam-dabam. A ganina tsoron asalinsa na talauci ne: kada yaro ya ɗanɗana abin da gida ba zai iya ba shi kullum ba, ya je yana ɗaga kazar maƙwabta. Amma ƙwai yana cikin abubuwan gina jiki da kuɗinmu zai iya saya. Sista ta gwada, ta ce nata 'ya'yan da ƙwai suka tashi, ga ɗaya har dattijon ikkilisiya ne. Mama ta ce ai ba a gama ganin ƙarshensa ba tukuna. Sista ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan kam ta fi ƙarfinta.

Kajin Mama ne suka raba gardamar. Ɗaya ta fara saka a bayan buhunan alayyafo. Wata safiya na dawo daga ɗiban ruwa na tarar da Mama ta dafa ƙwai ya dahu sosai, ta murmushe shi a cikin kunu tana ba angonta. Na tsaya da bokiti a ka ban ce uffan ba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na kasuwa ne ke sa sata. Wannan na kazata ne, na san abin da ta ci." Na ce, "Haka ne, Mama." Har yau a kan haka muke.

Da ya cika wata tara na kai shi allurar ƙyanda da awo. Ma'aikaciyar ta naɗa masa ɗan ma'aunin nan mai launi uku a damtse, ya faɗa cikin kore da rata mai yawa. Ta tambaye ni wane abincin gwangwani nake ba shi, na ce na surukata. Matan da ke layi suka ji, biyu suka karɓi kwatancen gidanmu.

Ban ɗauka za su zo ba, sai ga ɗaya da yamma da goyonta, yarinya 'yar wata goma da gashinta ya yi ja ya yi laushi. Mama ta ɗebar mata garin a leda ta ƙi karɓar ko sisi, Sista kuma ta sa aka mayar da yarinyar asibiti a duba ta sosai. Mako bai zagayo ba matar ta dawo da wasu uku, kowacce da kuɗinta a hannu. A daren nan Mama ta kira ni ta ce in nemo mata kasko babba da mudu goma na waken suya bashi, za mu fara sayarwa. Malam yana jin haka ya ajiye jan biron da yake duba littattafan yara da shi, ya ce shi dai uwarsa ba za ta zauna bakin wuta tana suya don kuɗi a gidan haya ba, mutanen garinsu su ce ya kasa riƙe ta. A wannan karon barci bai ɗauke shi ba.

Yadda muka kwashe da shi, da abin da matar Fasto ta zo ta faɗa, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.