Wasiƙa daga Grasse: Me Ya Sa Turaren Fure Ba Ya Daɗewa a Jiki?

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, da fatan kuna lafiya.

Daga Grasse, garin masu haɗa turare a kudancin Faransa, nake rubuto muku kan ƙorafin da ake yawan yi wa turaren fure mai sanyin ƙamshi na manyan kamfanoni: a fesa da safe, kafin azahar ya ɓace, sai a ce jabu ne. Sau da yawa ba jabu ba ne, haka aka haɗa shi.

Ƙamshinsa hawa-hawa yake fitowa. Abin da ke fara dukan hanci ƙamshin lemu ne, galibi wani irin lemu da ake kira bagamot, kuma cikin kamar minti 15 ya wuce. Wanda ya biya kuɗi saboda shi ya yi gaggawa. Ainihin turaren sai bayan rabin awa yake bayyana: wardi, yasmin, da wani ɗan farin fure da Faransawa ke kira muge. Shi furen mugen nan ba a iya tatsar mansa, sinadarai ake harhaɗawa su kwaikwayi ƙamshinsa, kamar yadda mai haɗa turare Edmond Roudnitska ya yi a turaren Diorissimo na kamfanin Dior a 1956. Ɗaya daga irin waɗannan sinadarai, Lilial, Tarayyar Turai ta haramta shi a 2022, shi ya sa wasu tsofaffin turaruka suka ɗan sauya ƙamshi. A hawan ƙarshe na ƙamshin kuwa farin miski ne kaɗan da wani itace mai ƙamshi da ake kira sida, ba su da nauyin da za su riƙe shi wuni guda.

Ku duba abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Eau de toilette man ƙamshinsa kashi 5 zuwa 15 ne cikin ɗari, eau de parfum kuma 15 zuwa 20. Zafi da busasshiyar fata suna saurin cinye shi, don haka a fara shafa mai marar ƙamshi, sannan a fesa sau biyu ko uku daga nisan kamar santimita 15. In kun daina jin sa, ku tambayi na kusa kafin ku ƙara, wataƙila hancinku ne ya saba.

Kwalbar kuma a ajiye ta cikin kwalinta, nesa da rana. Haske da zafi lemun suke fara lalatawa, sai ruwan ya yi duhu, ƙamshin ya yi tsami.

Wassalam.