Dannawa daban, zuwa ganin gida daban

Har yau idan na tuna wata biyun da na yi ina fama da gwajin nuna farashi ko ɓoye shi a shafina na intanet, raina sai ya sosu. Shafin gidajen hayan da nake tallatawa a unguwannin Agege da Ogba na Legas na raba biyu: rabin masu shiga su ga kuɗin haya a ƙarƙashin hoto, rabi su ga "tuntuɓe mu ka ji farashi". Hotuna ɗaya, maɓallin WhatsApp ɗaya. Abu guda na canza, nan kam ban yi laifi ba.

A wurin ƙirge na tafka kuskure. Dannawar maɓalli na sa Google Analytics, manhajar da ke ƙirga abin da masu shiga shafi suke yi, ya riƙa ƙirgawa. Kwana 5 kacal shafin da ya ɓoye farashi ya yi fintinkau, ni kuma jiki na rawa na rufe gwajin, na goge farashi daga duk gidajen.

Wayata ta koma tashar Oshodi don cunkoso. "Nawa ne?" safe da dare. Da na lissafa hayar shekara, kuɗin ejan, na yarjejeniya da na kaushan (kuɗin ajiya saboda ɓarna), sai tsit, shuɗin alama biyu kawai zan gani. Ashe tambayar farashin ce dannawar. Mutanen da shafin farko ke sallama tun daga ƙofa, ni na jawo su cikin wayata, har masu kuɗi a hannu suka riƙa jiran amsa ana kama gida a wani wurin.

Da na sake gwajin, zuwa ganin gida na ƙirga. Mahaɗin wa.me, wanda ke buɗe hirar WhatsApp idan an danna maɓallin, yana karɓar rubutaccen saƙo, sai na sa na shafi ɗaya ya fara da "Salam", na ɗayan da "Barka". Duk saƙon da ya shigo na san inda ya fito, in rubuta a littafi: ya yi magana, ya zo, ya biya. Na cire wayoyin yaran ofis daga lissafi, don su kaɗai suna buɗe shafin sau goma a yini. Mako 4 cur na bari, saboda Asabar ake fita ganin gida, kuma mai albashi sai ƙarshen wata yake motsi. Kwana 5 ko Asabar ɗaya ba lallai ta faɗo ciki ba.

Shafin mai farashi saƙonninsa kaɗan ne, amma daga nan masu zuwa suka fi fitowa. Yanzu wani gwajin nake yi: shafi ɗaya na nuna hayar shekara kaɗai, ɗayan na nuna jimillar kuɗi gaba ɗaya. Muna mako na biyu, ban ko leƙa dannawar ba.