Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kofin da Aka Ware Mini

Makon jiya na tsaya a aurar da Auta. Shekarun da suka biyo baya babu abin faɗi, tuwo ne da miya, sai hunturun ƙarshen 2019. Kowa a gidan ya yi tari, nasu ya tafi da ƙurar, nawa ya zauna.

Na sha zuma da citta da kanumfari, na sha na kemis har mai shagon ya daina tambayata abin da ya kawo ni. Da aka rufe Kano a Afrilun 2020 saboda korona, tari ya zama abin ɓoyo, sai na danna fuska cikin filo in yi abina. Ga rama, ga murya ta dushe, ga wani ciwo a kafaɗar dama da ba ya barin barci. Ranar da na ga jini a kakina ne Malam ya ce, "Maman Auta, shirya mu tafi."

A asibitin aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada kaki. Gwajin bai nuna komai ba, amma likitan ya dubi hoton ya ce tarin fuka ne. Maganin kyauta ne, wata 6, ƙwayoyi kullum da safe kafin karin kumallo, fitsari ya koma ja. Ban tsallake ko rana ɗaya ba, katina shaida ne. Na ce musu sauƙi bai zo ba, suka ce in yi haƙuri. Goggo, Allah ya jiƙanta, takan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, mai ɗakin ta faɗa, ba a ji ba.

A lokacin ne Yaya, abokiyar zamana, ta ware mini kofi da kwano, ta ɗaura wa kofin jan zare. Jikokin da na goya aka hana su shiga ɗakina. Yau tana cewa don lafiyar yara ta yi. Na yarda. Amma sa'ad da ta yi jinyar ƙafarta wa ya riƙa wanke mata miki da hannu? Ban ɗaura wa komai nata zare ba.

Maganin ya ƙare, numfashi ya ƙara ƙunci. Babban ɗana ya kai ni asibitin Shika da ke Zariya a 2021. Can aka zuƙe ruwa daga ƙirjina, aka sa ni cikin na'urar hoto mai kama da rami, aka tsakuro ɗan nama da allura aka kai gwaji. Likitar ta zaunar da ni ta ce, "Mama, sankarar huhu ce, kuma ba a ɗaukarta a kofi." Ta tambaya ko ina shan taba. Ni? Ta ce taba ce kan gaba wajen jawo ta, amma tana kama wanda bai taɓa sha ba, kuma hayaƙin itace a rufaffen madafi ma ba ya barin huhu lafiya. Tun ina amarya nake hura murhun gidan nan, har da na bukukuwan dangin Malam.

Na so Goggo tana raye ta ji an gano yoyon. Da muka dawo ba wanda ya kwance zaren, ni ma ban ce a kwance ba. Mako mai zuwa zan faɗi yadda aka sayar da gonar gadona.