Sikelin da ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

A wani injin casar shinkafa da ke hanyar Dadin Kowa a Gombe, sikelin auna buhu ya kusa raba Alhaji da yaransa. Buhu mai kilo 50 na zaune abinsa, amma da an tayar da babban moto sai lambobi su kama rawa: 49, 52, 47. Alhaji ya rantse yaran ne ke yi masa coge. Da na duba sai na ce, "Ranka ya daɗe, ɓarawon naka yana cikin akwatin wuta."

Inbatar da ke sarrafa gudun moton, wadda muke ce wa VFD, tana kunna wuta tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Wannan yanke-yanken ke haifar da hayaniyar lantarki mai bin waya ta koma layin da sikeli da PLC (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injinan) ke jan wuta. Maganinta filta, wato na'urar da ke tace wannan hayaniyar, a bakin shigar wutar inbatar.

A nan ni ma na yi tuntuɓe. Na duba amfiya kawai, na ga layi uku ne, volt 415, na sayo mai araha. Ina haɗawa, birekan kariya mai miliamfiya 30, wanda ke yanke wuta in ta yi yoyo zuwa ƙasa, ya faɗi. Na tayar, ya sake faɗuwa, ga Alhaji tsaye a kaina. Ashe kafasitocin cikin filta ta wayar ƙasa suke zubar da hayaniyar, ita kuwa wannan yoyonta ya fi ƙarfin birekan. Adadin yoyon a rubuce yake a takardar kowace filtar kirki, ni ne ban karanta ba. Araha ba ta ado.

Sai kuma zafi. Amfiyar da ke jikin filta an auna ta ne a digiri 40 ko 50, alhali a watan Afrilu a Gombe akwatin ƙarfe a rufe ba ya taɓuwa da hannu. Shi ya sa da na koma na ɗauko ta kamfanin Schaffner mai ƙarancin yoyo, na hau mataki ɗaya sama da amfiyar inbatar.

Wajen ɗaurawa na kankare fentin farantin akwatin har ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, na manna ta dab da inbatar, wayar tsakaninsu ba ta kai taƙi ɗaya ba. Wayar shiga da ta fita kuma na raba musu hanya, don in suka jera hayaniyar tsallake filtar take yi.

Aka tayar da moto, sikeli ya tsaya cak a 50. Alhaji bai ba yaran haƙuri ba, amma ya aika an sayo musu fura da nono.