Allura da Zare a Daren Jajibirin Zanga-zanga

Ni ba gwanar magana a gaban jama'a ba ce. Ana miƙo mini lasifika sai muryata ta kama rawa. Ɗinki kuwa na iya, shi ya sa duk sanda za mu fita zanga-zangar lumana ni ake kawo wa ƙyalle.

Ta ƙarshe da muka yi, kan filin wasan yara ne da ake neman sayarwa. Daren jajibiri mu tara muka cika ɗaki, muka shimfiɗa tsohon zanin gado a ƙasa. Wata dattijuwa ta zo da rigar ƙwallon jikanta wadda ta yi masa kaɗan, ta ce, "'Yata, yanka ki sa a ciki." Haruffa uku na fitar daga jikinta. Yara suka dinga tsoma tafin hannu a fenti suna mannawa a gefe. Ɗaya ya karkace, wani ya ce a goge, na ce wallahi a bar shi.

Ina ɗinki ina tuna matan Chile. Bayan juyin mulkin Janar Pinochet a 1973, matan da aka ɗauke wa maza da 'ya'ya suka riƙa ɗinka guntayen tsumma a kan buhu, suna zana sojoji a bakin ƙofa, wasu ma da yankin tufafin wanda ya ɓata suke aikin. Ana fitar da ɗinkunan ƙasashen waje a ɓoye, duniya ta ga abin da jarida ba ta isa ta buga ba. A Ajantina kuma, ranar 30 ga Afrilu 1977, iyaye mata 14 suka tsaya a dandalin Plaza de Mayo suna neman 'ya'yansu da gwamnatin soja ta ɗauke. Da 'yan sanda suka hana su tsayuwa, sai suka koma zagaya dandalin bibbiyu. Farin ɗankwalin da aka san su da shi, asalinsa kunzugun jarirai ne. Wannan yana taɓa ni sosai.

Masu cewa fenti da waƙa ɓata lokaci ne ba su kwana a ɗakin nan ba. Mutanen da da la'asar suke cewa ba abin da zai canza, su ne da ƙarfe biyun dare suke gardamar wanda zai riƙe wane gefe.

Har yau ba a yanke hukunci kan filin ba. Ƙyallen yana naɗe a ƙarƙashin gadona. Jiya dattijuwar ta aiko tana tambaya ko akwai sauran wuri, ta samo wata rigar.