Baƙuwa da baƙin gari

Da tsakiyar damina na sauka Ngaundere ta ƙasar Kamaru, ba ni da komai sai atamfofi marasa nauyi irin namu na Kano. Ba wanda ya gaya mini garin a kan tudu yake, sama da mita 1,000, ruwa kuma sai ya wuni yana zuba. Daren farko Hajiyar da na kama ɗaki a gidanta ta miƙo mini bargo, ta ce, "Ungo 'yar nan, nan ba Kano ba ne."

A wurin aiki Faransanci, a kasuwa Fulatanci, sai na dawo gida nake jin Hausa. "Jam na?" na fara koya. Sefa kuwa har yau sai na juya ta naira a zuci kafin in taya kaya.

Abin da ya kawo ni wani baƙin gari ne da ake shafawa a jikin falle na cikin batir, haɗin litiyam da ƙarfe da fosfet. A 1997 John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas suka nuna zai yi aiki. Ga arha, ga shi ba ya saurin kama wuta, sai dai rowar lantarki gare shi, ba ya barin sa ya ratsa shi da sauƙi. Dabarar ita ce a ƙanƙanta ƙwayoyinsa zuwa kamar nanomita 100, har silin gashi ɗaya ya ninka su kauri sau ɗaruruwa, don tafiyar litiyam a ciki ta gajarta. Sannan a sa wa kowace ƙwaya 'yar rigar gawayi. Da sukari ake yi, a cakuɗa, a gasa a wajen digiri 700, iskar agon, wadda ba ta haɗuwa da komai, na bi ta cikin tandar don kada iskar waje ta taɓa shi.

Da na yi wa Hajiya wannan bayani dariya ta yi har da riƙe ciki. Wai tun daga Najeriya na taso don in ƙona sukari.

Wata na huɗu tukunyar agon ta ƙare mini cikin dare, tanda na ci. Da safe na zaro kwanon, garin ya yi ja kamar tsatsa, don kuwa tsatsar ce, ƙarfen ya sha iska. Aikin mako uku kenan. Sabuwar tukunya kuma sai an auno ta daga Duwala. Ranar ban iya cin tuwo ba, na zauna a tsakar gida ina share hawaye da gefen mayafi. Hajiya ba ta ba ni haƙuri ba, ta dai dama mini kunun gyaɗa, ta ce barin tukunya a wuta a tafi barci, ko amarya ba ta yin haka.

Yanzu ina duba ma'aunin iska sau biyu kafin in kulle ƙofa. In na shigo da yamma kuwa, kafin sannu da zuwa sai ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ta ce, "To 'yata, yau baƙi ne ko ja?"